Murfin Kwanon Baffa

A layinmu na Shamaki, da an sallame sallar magariba kowane magidanci sai ya shiga gida ya ɗauko kwanon tuwonsa ya kawo ƙofar gidan Baffa. Nan ake shimfiɗa tabarma a yi ciyayya. Na tashi na tarar ana yi, kuma da na yi aure aka ce ni ma in riƙa kawo nawa. Tabarmar nan ta watse, kuma da hannuna a watsewarta. Ba zan iya faɗin yadda abin ya faru ba sai na faɗi yadda muka so wani ɗan takara, a shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki.

Baffa ba ƙanin mahaifina ba ne na jini. Amininsa ne, Bafillace, masinja a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, tun zamanin Turawa har ya yi ritaya. Mu kuwa maƙera ne, don haka akwai wasa tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai maƙeri. Ni karatuna bai wuce elementare ba. Da mahaifina ya rasu na gaji rumfarsa a bakin kasuwa, ina liƙin garwa da bokiti, ina yin mazurari da aci-balbal da gwangwani.

Tabarmar tana da doka guda ɗaya, ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: ba mai buɗe kwano sai Baffa. Kowa zai miƙa masa nasa a rufe, ya karɓa ya jera a gefensa. Yakan fara da wanda ya san miyarsa ba ta da ƙarfi, tun mutane suna da yunwa, yana ci yana yabo, don kada kwanon wani ya koma gida ba a taɓa ba matar gidan ta ji kunya. Sannan kullum sai ya ware biyu ko uku ya tura bayansa ya ce, “Waɗannan a ajiye wa yara.” In an gama ci, ya juya mana baya ya ƙara musu abin da ya rage, masu su su ɗauka su shiga gida. Wani lokaci cikakkun kwanoni yake warewa. Wani lokaci kuma a cikinsu akwai wanda babu komai sai murfi, domin gidan ba a ɗora tukunya ba. Shi kaɗai ya san wanne ne wanne, hannunsa ne ke gaya masa.

Na san wannan ne domin ya faru da ni. Akwai shekarar da narkakkiyar dalma ta zube mini a hannu na daɗe ban yi aiki ba. Wata rana mai ɗakina ta ce babu ko tsaba. Na ɗauki kwano haka nan na fita. Baffa ya karɓa, ko kallona bai yi ba, ya ce, “Na maƙeri a ajiye wa yara, yau haƙorana ba za su iya da tuwon ƙarfe ba.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na ɗauki kwanon zan shiga gida sai da na sa hannu biyu.

Baffa mutum ne na manya. Lokacin da aka sami 'yancin kai ina saurayi, na gan shi cikin kakinsa mai guga yana raba wa 'yan makaranta tuta, fuskarsa kamar shi aka ba ƙasar. Ya yarda da zuciya ɗaya cewa 'ya'yan gidajen da ya yi wa hidima su ne suka san yadda ake riƙon jama'a. A siyasar farko ma shi ke kai sammaci gidajen 'yan adawa, waɗansu har kurkuku suka je, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Yakan ce aike aka yi shi.

Sai aka yi yaƙin basasa aka gama, kuɗin fetur suka shigo. Mu a rediyo muka fi jin su. Abin da muka gani da ido shi ne motocin siminti, da benaye suna tashi a unguwar manyan ma'aikata, da yaran da muka sani ba takalmi sun zama 'yan kwangila. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, washegari komai na kasuwa ya tashi, har da mu da ba a ƙara wa komai ba. Ruwa kuwa, wanda aka yi wa Gombe alkawarinsa tun ina saurayi, bai zo ba. Famfon layinmu in ka murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Da bazara mata da 'yan garuwa sukan gangara kwari su tona yashi su jira ya tsatso. Ba zan ɓoye ba, ni ƙarancin ruwan ya riƙe ni, domin kowa garwa yake nema. Amma ni ma da ruwan yashin nan ake yi wa 'ya'yana wanka.

Wata bazara muka haɗu mu je ofishin ruwa mu kai kuka, Baffa a gaba tunda ya san kan ofis. Muka zauna a benci tun hantsi har rana ta take tsaka. Babban jami'in yaro ne da Baffa ya sha goyawa a keke ya kai makaranta. Da aka ce mu shiga, sai na ga Baffa ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa a kan siminti yana “Ranka ya daɗe.” Yaron bai ce ya tashi ba. Yana rubutu yana amsawa, ya ce ana duba lamarin, injin yana kan hanya daga ƙasar waje. A kusurwar ofishin akwai firji, muna jin ƙuginsa.

Da muka fito na ce, “Baffa, wannan fa ɗan cikinka ne.”

Ya ce, “Ba shi na durƙusa wa ba, maƙeri, kujerar na durƙusa wa. Kai ƙarfe ka iya lanƙwasawa, ba ka san yadda ake lanƙwasa mutum ba. A hankali ake yi.”

Muka kamo hanyar gida. Amma gwiwoyin Baffa a kan simintin nan sun zauna mini a rai kamar ni aka durƙusar.

Cikin wannan hali aka buɗe siyasa, mutumin da na ambata da farko ya fito takarar kujerar majalisa. Ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba kuma ɗan boko ba. Direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana jigilar auduga har ya mallaki motoci nasa. Ba talaka ba ne, kuma ba waliyyi ba ne. Duk garin an san yana zaluntar yaran motarsa, an san bakinsa ba linzami, an san ya taɓa marin ɗan sanda a tasha. Ba wanda ya ruɗe mu game da halinsa. Waɗanda suke cewa jahilci ne ya sa muka bi shi, ba mu san ko wane ne ba, sun yi kuskure. Mun san shi sarai.

Ranar da ya shiga zuciyata ina nan a tsaye. Akwai tankar ruwa da ke ratsa bakin unguwarmu kullum da rana tana kai ruwa gidajen manya, gindinta yana ɗiga, mata suna bin sawunta da kallo. Ran nan sai ga babbar motarsa ta gitta titi ta tsaya. Ya diro, ya ce wa direban tankar, “Kashe.” Direban ya ce shi aike aka yi shi gidan wane. Mutumin ya ambaci sunan wanen nan tsirara, ba Alhaji, ba ranka ya daɗe, ya ce, “Je ka gaya masa furanninsa su yi azumi yau.” Ya zagaya baya ya murɗe bututun da hannunsa.

Ban taɓa ganin Shamaki ta fito irin ta ranar ba. Garwa, bokiti, tulu, tukunya, har da wata tsohuwa da ƙwarya. Rabin garewanin nan liƙina ne, ina gane su. Da 'yan sanda suka zo, sai ya hau saman tankar ya zauna ya harɗe ƙafa ya ce ba zai sauko ba sai ta ƙare. Sai da ta ƙare. Suka tafi da shi, ya kwana a can, aka kai shi kotu. Washegari tankar ta canza hanya, mu kuma muka koma kwari. Ruwan yini ɗaya muka samu. Amma ni na ga ranar da wani ya ƙi durƙusawa kuma sama ba ta faɗo ba.

Daga nan duk inda akori-kurarsa mai lasifika ta tsaya, ko a unguwar Dawaki ko ta Manawashi, ina rufe rumfa in bi. Ba ya kawo wani tsari na yadda zai yi. In an tambaye shi ina zai samo ruwa, sai ya ce, “Inda suke samo nasu.” Abin da yake yi shi ne kiran manya ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da kowa ya ci, ya kwaikwayi tafiyarsu da yadda suke gyara babbar riga, mu kuwa muna ihu. Yakan ce, “Sun ce ba ni da kunya. Gaskiya ne. Kunyarku suka ci suka yi ƙiba. Ni zan buɗe duk abin da suka rufe, kowa ya gani.” Duk lokacin da suka kai shi kotu ko suka zage shi a rediyo, sai mu ƙara son sa. In suka ce ɗan tasha ne, sai mu ji da mu suke. Abin da na haɗiye shekara da shekaru a ƙofar ofis da layin asibiti, shi ne nake ji yana fitowa daga bakin wani. Har muryata ta canza. Mai ɗakina ta ce ko ruwa zan nema sai in yi kamar ina kan mota.

Tabarmar Baffa ta ɗauki zafi, amma ba ta watse ba. Baffa shi ne wakilin jam'iyyar manya a layinmu. Ni da wani tela maƙwabcina muna bayan mutuminmu. Akwai kuma Ticha, Batangale, Kirista, malamin firamare da ke haya a layin, wanda kwanonsa na miyar riɗi kowa ke jira. Shi bai cika nuna inda ya dosa ba.

Baffa yakan ce, “To maƙeri, yau wa ubangidanka ya zaga? Ko ya huta?”

“Gaskiya ya faɗa, Baffa.”

“Gaskiya da ashar? Mu waɗannan mun san su, mun san iyayensu. In sun ci amana na san ƙofar da zan je in tsuguna.”

“Ai ka tsuguna, Baffa. Ina ruwan?”

Tela ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Baffa ya miƙa masa buta ya ce, “Sha, kada ka mutu ba ka jefa wa mahaukaci ƙuri'a ba.” Sannan ya juyo gare ni. “Mutumin da ya zagi kowa, ranar da ya rasa na zagi kai zai waiwayo.”

Ticha ya ce, “Ni abin da ke ba ni tsoro, Baffa, in na ji shi yana magana sai in ji daɗi. Alhali in ɗalibina ya yi irin maganar nan sai na zane shi.”

“Ka ji mai ilimi,” in ji Baffa.

“Ban ce ba zan zaɓe shi ba fa,” in ji Ticha. Aka sake dariya.

Haka muke har damina ta faɗi, zaɓe ya matso. Sai wata rana da hantsi motar jam'iyyar manya ta tsaya a ƙofar Baffa, aka sauke buhunan shinkafar waje aka shigar zaurensa. Kowa ya gani. A taron da aka yi da la'asar mutuminmu ya ɗauki maganar. Bai ambaci Baffa ba, amma ya ce a kowane layi akwai tsohon da aka saya da shinkafa, yana ci a ɓoye yana ce wa mutane su yi haƙuri.

Ni kuwa dama na lura da wani abu. Kwanakin nan kusan kullum kwanon Baffa yana cikin waɗanda ake turawa baya. Na san shi, fari ne mai bakin shuɗi, ni na liƙe masa gindi. Da can kwanon Goggo, matar Baffa, ba ya wuce na biyu ko na uku a buɗewa. Sai zuciyata ta haɗa mini lissafi: shinkafa da nama ake dafawa a gidan, yana jin kunyar buɗewa a gabanmu, shi ya sa yake fitowa da ita don ido ya mayar. Na gaya wa tela. Ya ce, “Kai dai bari, ba ruwanmu.” Ban bari ba. Na yini ina juya abin a rumfa, ina shirya maganar da zan faɗa, har ina jin yadda za ta fito da irin muryar mutuminmu.

Ranar an yi ruwa da rana, ƙasa da laima, aka shimfiɗa tabarma a kan dakali. Mun cika, har da waɗanda ba kullum suke zuwa ba. Baffa ya karɓi kwanoni, ya tura nasa da na wasu biyu baya, ya ce, “Waɗannan a ajiye wa yara.”

Na ce, “Baffa, yau na Goggo muke so.”

Ya ce, “Maƙeri, ci abin da aka ba ka. Bawa ba ya zaɓen tuwo.”

Wasa ne irin wanda muka saba, amma ban karɓe shi a wasa ba. Na ce, “Kullum a ajiye wa yara, a ajiye wa yara. Yaran nan ba su ƙoshi da shinkafar jam'iyya ba? A buɗe mana, kowa ya gani.”

Ticha ya dafa gwiwata ya ce, “Haba, ɗan'uwa.” Na ture hannunsa. Na miƙe na tsallake kwanoni, na zagaya bayan Baffa. Ya ɗora tafinsa a kan murfin, ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, “Kada ka yi.” A nan ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Da ina da hankali da wannan ya ishe ni. Na janye kwanon daga ƙarƙashin hannunsa. Tun a ɗagawar na ji ba nauyi, kuma na san abin da rashin nauyin nan yake nufi fiye da kowa a wurin. Amma na riga na miƙe a gaban mutane, hannuna ya riga ya tafi. Na buɗe.

Babu komai. A wanke yake tas, a bushe, liƙina yana ƙyalli a gindinsa.

Wani ya sunkuyar da kai, wani ya shiga gyaran hula. Ina tsaye da kwano a hannu ɗaya, murfi a ɗaya, na rasa inda zan ajiye su. Baffa ne ya miƙo hannu ya karɓa, ya rufe, ya ajiye a gefensa. Ya jawo kwanon Ticha ya buɗe ya ce, “Bismilla.” Muka ci, ko in ce muka taɓa. Da aka tashi bai juya baya ya zuba wa kowa komai ba. Ya ɗauki nasa yadda ya fito da shi ya shiga gida. Sauran biyun da ya ware, masu su suka ɗauka da sauri. Ɗaya na tela ne, kuma na ga yadda ya ɗauke shi da yatsu biyu.

A gida mai ɗakina ta riga ta ji, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baffa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an daɗe ba a biya su Baffa fansho ba, Goggo ta sayar da tasoshinta ɗaya bayan ɗaya, duk matan layin sun sani. Shinkafar kuwa cewa aka yi ya raba wa gidaje, ya raba har ƙwayar ƙarshe, ya ce ba a ce da shi a ciki ba. Ta ce, “Wadda ka ci ranar Juma'a kana cewa ta yi daɗi, daga ina kake tsammani ta fito?”

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, “Yaushe ka zauna aka gaya maka magana? Kai da kake kan mota.”

Da safe na je na durƙusa a zauren Baffa. Yana zaune a kan buzu da carbi. Ban gama magana ba ya ce, “Na yafe, maƙeri. Tashi, kada gwiwarka ta saba, ubangidanka zai yi fushi.” Har da murmushi. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Na ce zan riƙa aiko da abinci cikin gida. Ya ce wannan tsakanin mata ne, shi ba ruwansa.

Na ɗauka ba zai sake fitowa ba. Da magariba sai ga shi ya shimfiɗa tabarma kamar kullum, amma ba kwano a hannunsa. Na farko ya miƙa masa nasa, ya ƙi karɓa. Ya ce, “Kowa ya buɗe nasa.”

Ticha ya ce, “Baffa, ai ba a taɓa yi ba.”

“Jiya ma an yi abin da ba a taɓa yi ba.”

Muka roƙe shi, ni har da rantsuwa cewa hannuna ba zai ƙara kusantar murfin kowa ba. Ya ce ya yarda da ni. Ya ce, “Ba don fushi ba ne. Da, mutum yana fitowa da kwanonsa ne don ya tabbata ba mai buɗewa. Yanzu an ga ana iya buɗewa. Ko na karɓa, wanda ba shi da shi ba zai ƙara ɗaukowa ba.”

Ranar zaɓe na bi layi cikin yayyafi na dangwala wa mutuminmu. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka abin da ya faru ya juya ni. Na shiga rumfar zaɓen da kunyar Baffa a wuyana, amma da na tuna yaron nan na ofishin ruwa yana rubutu tsoho yana durƙushe, hannuna bai je wani wuri ba. Ticha ma daga baya ya gaya mini shi ya zaɓa. Mutuminmu ya ci kuwa, da rinjaye. Muka yi ta murna a titi, na yi ihu har muryata ta dushe.

A majalisa ya yi abin da muka aike shi. Muna jin labarin yadda yake tayar da ƙura, yana hana manya sakat. Ruwa dai bai zo Shamaki ba. An haƙa rijiyar burtsatse guda a kusa da gidansa, ana barin mutane su ɗiba. Bai daɗe ba ya ɓata da mutanen jam'iyyarsa, ya shiga kiran su ɓarayi su ma. Da muka je gidansa kan maganar famfo bai bar mu a benci ba, wannan gaskiya ne. Ya fito da kansa, ya ce mu ragwaye ne, in muna son ruwa mu je mu tare tanka kamar yadda ya yi, shi ba ubanmu ba ne. Waɗansu daga cikinmu suka yi dariya suna cewa shi ke nan halinsa, ba ya munafunci. Ni ban yi dariya ba, amma ban iya cewa ƙarya ya yi ba. Bayan 'yan shekaru soja suka dawo suka kwashe su duka, da shi da waɗanda yake zagi.

Har yau in aka tambaye ni ko na yi nadamar ƙuri'ar nan, ba na iya amsawa kai tsaye. Waɗanda muka ƙi sun cancanci a ƙi su. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ni ba zan taɓa kaiwa ga jami'in ofishin ruwa ba, ko mai furannin da ake kai wa tanka. Fushin da aka hura mini na manya ne, amma da na waiwaya in sauke shi, wanda hannuna ya iya kaiwa gare shi tsoho ne mai kwano ba komai. Wannan ba mutuminmu ne ya aike ni ba. Ni na je.

Tabarmar ba ta mutu rana ɗaya ba. Da kowa ya koma buɗe nasa, sai aka fara ganin miyar wa ke da nama, ta wa ce ruwa. Masu ƙaramin ƙarfi suka fara zuwa jefi-jefi. Baffa yakan fito ya zauna, ya ɗan taɓa na Ticha, ya yi wasansa da ni kamar ba abin da ya faru. Mai ɗakina tana miƙa wa Goggo kwano ta kan katanga, ana karɓa, ba a taɓa maganar ba har Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Kafin kaka ta shigo a shekarar zaɓen, mun koma mu uku ko huɗu.

Tela ne ya fara ɗaukewa gaba ɗaya. Kayan kanti da gwanjo sun cika kasuwa, ɗinki ya ja baya, na kuma san yawan bakin da ke gidansa. Ba gaba ya yi da mu ba. Kullum bayan magariba sai ya fito ya bi ta gaban tabarmar, hannu a baya, ya yi sallama. In ce, “Bismilla mana, ga wuri.” Sai ya shafa baki da tafin hannu kamar wanda ya tashi daga kan abinci, ya ce, “Alhamdu lillahi, yanzu na ci a gida.” Baffa ya dubi ƙasa, ni in dubi kwanona a buɗe, shi kuma ya wuce masallaci ya zauna jiran lisha.